Wasiƙa zuwa ga Edita: Dariyar da aka yi a shirinku na ranar Asabar

Assalamu alaikum Malam Edita,

Raina ya ɓaci da shirinku na ranar Asabar, kuma har zuwa yanzu da nake wannan rubutu bai huce ba. A wani wurin hutawar manyan motoci a jihar Indiana ta Amurka na saurare shi ta waya, sai da na mayar da shi baya sau biyu don in tabbatar kunnena bai yaudare ni ba. Baƙonku ya ce wai duk mai son sanin abin da ke zuciyar talakan Amurka, ya kunna rediyon masu ra'ayin riƙau ya saurari masu bugo waya. Mai gabatarwa ya amsa masa da "haka ne Farfesa", ya wuce abinsa. Da wata baiwar Allah ta turo saƙo tana tambaya ko ba shirya wasu daga cikin masu kiran ake yi ba, sai aka kwashe da dariya, aka ce zargi ne irin na 'yan adawa. Dariyar nan ce ta hana ni yin shiru.

Ni direban babbar mota ne, shekara 14 ke nan ina wannan aiki. Daga Columbus nake tashi, in nufi Nebraska, in gangara Texas, in dawo ta Pennsylvania. Doka ta yarje wa direba tuƙin awa 11 a rana, kuma a cikin awa 11 ɗin nan ba ni da abokin hira sai rediyo. Idan ka shiga tsakiyar ƙasar, inda ba ka ganin komai sai gonar masara da waken suya har iyakar ganinka, ba abin da zangon AM ke kamawa sai wa'azin coci, da farashin hatsi, da irin waɗannan shirye-shirye. Kafin rasuwarsa a watan Fabrairun 2021, Rush Limbaugh ke riƙe da rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, sai Sean Hannity ya karɓa zuwa 6, sai Mark Levin ya kai ka dare. Tsakaninsu kuma ga ƙananan masu gabatarwa na gari-gari, kowa da nasa shirin na safe. Na ji su har na haddace inda za su ɗaga murya da inda za su ja numfashi. Farfesanku, da dukkan girmamawa, ban ji alamar ya taɓa kwana ɗaya cur da su a kunnensa ba.

Bari in gaya muku abin da ya same ni. A ranar 31 ga Janairun 2020 Shugaba Trump ya saka Najeriya cikin jerin ƙasashen da aka dakatar da ba su bizar zama. A lokacin takardun matata sun kammala, ranar ganawa a Legas kawai muke jira. Kwana uku ban iya cin abincin kirki ba. Ana cikin haka, wata safiya wani shiri na wata ƙaramar tasha ya ɗauko maganar, mai gabatarwa yana ta nanata cewa layi a buɗe yake ga kowa. Na gangara gefen hanya, na tsayar da motar, da kajin ƙanƙara cike a bayana, injin sanyaya kaya yana ta gurnani, na buga. Wata mata ta ɗauka. Ta tambayi sunana, da garin da nake, ta ce in faɗa mata abin da zan ce a jimla ɗaya. Na ce ni ɗan asalin Najeriya ne, Musulmi, ina biyan haraji, kuma wannan doka ta raba ni da iyalina. Ta ce in riƙe layi.

Minti 47 na riƙe. Ina kallon agogon mota, ina lissafin lokacin da zan makara wurin sauke kaya. A cikin wannan lokaci an saka mutum huɗu, dukkansu yabon dokar suke yi. Na ukun ya ce shi ma baƙo ne da ya shigo ƙasar ta hanyar da ta dace, kuma yana gode wa shugaban ƙasa. Malam Edita, mutumin nan bai yi "eh" ko "to" ko sau ɗaya ba. Bai yi tuntuɓen harshe ba, bai maimaita kalma ba. Babu kukan yaro a bayansa, babu haushin kare, babu amon rediyon da masu kira kan manta ba su rage ba. Ya fara labarinsa, ya kai shi ƙololuwa, ya sauke shi daidai lokacin da kiɗan talla ya shigo. Duk wanda ya taɓa bugawa gidan rediyo ya san yadda baki ke bushewa, ka shirya magana goma ka faɗi biyu. Bayan talla sai na ji ƙit, an katse ni. Na sake bugawa sau uku ba a ɗauka ba.

Wani zai ce ai tsautsayi ne, layi ya yi yawa. To ga na biyu. Akwai wani mai kira da ke da ɗan fito a haƙoransa, duk inda harafin "s" ya zo sai ka ji ƙaramin busa. A Missouri na fara jinsa, ya ce shi manomin waken suya ne, 'yarsa ta rasa aiki saboda baƙin haure. Kwana tara bayan haka ina ratsa Pennsylvania, a wata tashar dabam, sai ga fiton nan. A wannan karon tsohon ɗan sanda ne, amma 'yar tana nan, aikin da ta rasa yana nan, har wurin da muryarsa ke rawa kamar zai yi kuka bai sauya ba. Kunnen da ke gane matsalar inji daga ƙara tun kafin fitila ta kunna a allo, ba zai kasa gane muryar mutum ba. Masu wannan sana'a lissafinsu shi ne mai sauraro yana zaune a gari ɗaya, tasha ɗaya yake ji. Sun manta da mu da muke ratsa jiha biyar a mako.

Kuma ba sai kun dogara da kunnena ba, domin maganar ta daɗe da fitowa fili. A watan Fabrairun 2011 mujallar Tablet ta fallasa wani sashe mai suna Premiere On Call, na kamfanin Premiere, wato kamfanin da a lokacin ke rarraba shirye-shiryen Limbaugh da Hannity da Glenn Beck zuwa ɗaruruwan tashoshi. Aikin sashen shi ne samar wa gidajen rediyo 'yan wasan kwaikwayo da za su bugo waya kamar masu sauraro. Mai shiri ya zaɓi irin muryar da yake so, a ba ɗan wasa rubutaccen labari ko a bar shi ya ƙirƙira, a sa shi hannu a takardar rufa asiri, a biya shi da awa. Har alkawari suka yi wa abokan cinikinsu cewa ba za a sake jin murya ɗaya a shiri ba sai bayan aƙalla wata biyu, don kada masu sauraro na yau da kullum su farga. A lokacin, wannan a shafinsu na intanet yake a rubuce. Shi ne abin da aka kira zargin 'yan adawa a shirinku.

Zan yi adalci, tunda adalcin nake nema. Kamfanin ya ce sashen na shirye-shiryen nishaɗi ne, irin na safe da ake barkwanci da labaran soyayya, ba na siyasa ba. Akwai ma ƙa'idar hukumar sadarwa ta FCC da ta hana a saka kiran da aka yi wa mutum a iska ba tare da an sanar da shi ba, shi ya sa masu shirin zolaya ke hayar 'yan wasa. Limbaugh ya fito a shirinsa ya musanta cewa ya taɓa amfani da irin waɗannan mutane, Hannity ma haka. Da baƙonku ya kawo wannan bayani gaba ɗaya, da zargin da musantawar, ya bar mai sauraro ya auna, wallahi da ban rubuto ba. Amma bai kawo ko ɗaya ba. Dariya ya yi.

Abin da ya fi ci mini rai ma shi ne, ko an ajiye maganar 'yan haya gefe, wanda ka ji a iska ba shi ne wanda ya fara bugowa ba. Wanda aka zaɓa ne. Kowane irin wannan shiri yana da mai tace kira, kamar matar da ta ajiye ni minti 47. Na Limbaugh ma sananne ne, James Golden, wanda ake kira Bo Snerdley a shirin. Limbaugh da bakinsa ya sha faɗa cewa amfanin mai kira shi ne ya fito da mai gabatarwa, ya sa ya haskaka. Bai ɓoye ba. Idan kuma wani mai saɓanin ra'ayi ya sulale ya shiga, yana da laƙabin da yake maƙala masa, na wanda aka yi wa bita aka turo. Ka ga abin mamaki: shi ne kan gaba wajen zargin cewa abokan hamayya suna dasa masu kira. Ke nan su kansu masu gidan sun yarda ana dasawa, gardamar kawai a kan wa ke yi ce. Idan kuma aka ga dama aka saka mai adawa, sai a zaɓo wanda ya fi kowa ihu da rashin tsari, a bar shi ya yi ta kame-kame na minti ɗaya, a kashe masa murya, a shafe minti goma ana yi masa ba'a. Mai magana a natse irina ba shi da amfani a wurinsu.

Kuma ba daga sama wannan tsari ya faɗo ba. Har zuwa 1987 akwai ƙa'idar da ta wajabta wa gidajen rediyo kawo ɓangarori mabambanta a kan batun da ake taƙaddama. A zamanin Shugaba Reagan aka soke ta. Shekara ɗaya bayan nan, a 1988, Limbaugh ya fara watsa shirinsa ga ƙasa baki ɗaya daga New York. A 1996 aka sassauta dokar mallakar tashoshi, sai kamfanin Clear Channel, mai mallakar Premiere, wanda yanzu ake kira iHeartMedia, ya tara tashoshi sama da 1,000. Shi ya sa zan bar Ohio in shiga Iowa in ji magana ɗaya da kalmomi ɗaya. Farfesa zai ce ra'ayin jama'a ne ya zo ɗaya. Ni da nake kan hanya na san bututu ɗaya ne ke zuba ruwan.

Ni ɗan Kano ne, na tashi ina jin sojojin baka a rediyo da daddare, kuma ba na cikin masu yabonsu. Amma sojan baka yana faɗin sunansa, yana faɗin ubangidansa, kowa a gari ya san wanda ya saya masa filin. Idan ya yabi gwaninsa ka san abin da za ka rage a ciki. Wanda aka ba shi takarda ya ce shi manomi ne alhali bai taɓa riƙe fartanya ba, ya fi shi cutarwa nesa ba kusa ba, domin rigar talaka ya sato ya saka.

Kada ku ɗauka abin yana tsayawa a cikin rediyo. Wata la'asar a Oklahoma na shimfiɗa darduma a gefen motata ina salla. Da na sallame sai na ga wani dattijo, direba kamar ni, yana tsaye da kofin shayi yana jirana. Bai zage ni ba. Cikin natsuwa ya tambaye ni ko gaskiya ne mutanenmu suna karɓar kuɗin gwamnati su aika wa 'yan ta'adda. Na ce wa ya gaya masa? Ya ce wani ne ya bugo waya a rediyo, kuma mutumin da idonsa ya gani. Bai ce mai gabatarwa ya faɗa ba, don ya san mai gabatarwa ɗan siyasa ne. Mai kiran ya gaskata, saboda yana jin ɗan'uwansa ne talaka da ba shi da dalilin yin ƙarya. Mun yi kusan rabin awa muna magana, na nuna masa hoton matata da na ɗana da a lokacin ban taɓa ɗauka a hannuna ba. Ya yi shiru, ya ce Allah ya haɗa mu, ya tafi. Sai bayan da aka soke dokar hana bizar nan a Janairun 2021 muka ci gaba da neman bizar.

Yanzu ku duba abin da kuka yi. Dubban mutane a Kano da Zinder da Kumasi sun ji Farfesa ya ce waɗannan muryoyi su ne talakan Amurka. Ƙanena ya kira ni washegari yana tambaya ko lafiya nake zaune cikin mutanen da suka tsane mu haka. Na ce masa maƙwabciyata Baturiya ce 'yar shekara 70, ita ke kai matata asibiti idan ina kan hanya, kuma ba ta taɓa bugawa gidan rediyo ba a rayuwarta. Ita wa ya ƙirga ta?

Ina roƙonku ku dawo da tambayar baiwar Allahn nan a shiri na gaba, ku karanta ta daga farko har ƙarshe, ku ba ta amsar da ta dace, kuma mai gabatarwa ya nemi afuwarta a iska kamar yadda aka yi mata dariya a iska. Idan kuna neman wanda zai yi magana a kan rediyon Amurka, akwai Hausawa direbobin tasi a unguwar Bronx ta New York da na manyan motoci a Ohio da Texas da suke kwana suna tashi da shi. Ku neme su.

Sannan tunda na samu dama, kiɗan da kuke sakawa a ƙarƙashin kanun labarai ya yi ƙarfi ƙwarai. A cikin mota, da ƙarar inji da ta taya, rabin kanun ba na jin su. Na turo saƙo sau biyu a lambarku ta WhatsApp tun kafin azumi, alamar an karanta ta fito, amma ba wanda ya amsa, kuma kiɗan yana nan yadda yake.

Naku mai sauraro,
Direban babbar mota,
Columbus, jihar Ohio, Amurka