Sanarwa kan baƙinmu masu bautar ƙasa

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Masu bautar ƙasa sun kusa kammala makonni uku na horo a sansanin Wamakko da ke jihar Sakkwato, kuma wasu makarantu da ofisoshin unguwarmu za a turo su. Da yawansu ƴan Kudu ne, ba su taɓa haye kogin Kwara ba sai bana, ko "ina kwana" ba su iya ba. Tun 1973 aka kafa shirin nan domin ƴan ƙasa su san juna, to ga shi har ƙofar gida.

Abin da muke nema taimako ne irin na gayya, ba na kuɗi ba. Mai ɗaki babu kowa ya sanar. Mai zuwa babbar kasuwa ya ɗauki ɗaya su tafi, ya nuna masa inda ake sayen katifa da bokiti, ya tsaya a yi ciniki a gabansa. A faɗa musu gaskiyar zafin Afrilu, yana haura digiri 40, su riƙa yawo da ruwa.

Sai hattara da abu guda. Baƙo zai iya miƙo maka kuɗin mai bayan ka rage masa hanya. Ba raini ba ne, gudun zama nauyi yake, ka mayar masa cikin fara'a. Wanda ya ƙi fura ma kada a ce girman kai gare shi, ƙila cikinsa bai saba da nono ba.

Iyayenmu mata, ƴan matan cikinsu amanarku ce. Mai hali ya rubuta sunansa nan kafin Juma'a.