A Fassara Mana Zanen Japan Zuwa Hausa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in bayyana abin da ya dame mu, ni da ƙannena a nan Jos, tun da muka fara kallon Steins;Gate, shirin zane na ƙasar Japan mai kashi 24 da aka fara haskawa a 2011.

Labarin na wasu matasa ne a unguwar Akihabara ta birnin Tokyo, waɗanda suka gano hanyar aika saƙon waya zuwa lokacin da ya wuce. Inda kanmu ya ɗaure shi ne, duk sa'ad da saƙon ya sauya abin da ya faru, jarumin kaɗai ke tuna yadda duniya take a da, alhali abokansa sun manta. Mun kwana biyu muna muhawara a kan ko tsohuwar duniyar ta shafe ne, ko kuwa tana nan a wani wuri.

A ganina, rabin ruɗanin daga rubutun Turancin da ke gudu a ƙasan allo yake. Tunda masu fassara sun iya mayar da finafinan Indiya Hausa, ina roƙonsu su waiwayi irin wannan shiri.

Naka,
Mai karatu daga Unguwar Rogo, Jos