Wasiƙa kan Sojan Gonan Mosko

Zuwa ga aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ga amsar tambayarka kan yadda baƙo ya fito da rana tsaka ya ce shi ɗan sarki ne, har mutanen Rasha suka ba shi sarauta. A ganina, shaidun da suka tsaya masa sun fi shi kansa abin dubawa.

Sarki Ivan na Huɗu ya rasu a 1584, ɗansa Fyodor ya gaje shi. Akwai kuma ƙaramin ɗa, Dmitri, wanda aka tsinci gawarsa a garin Uglich a 1591 da raunin wuƙa a maƙogwaro, yana ɗan shekara takwas. Basaraken da aka tura bincike, Vasili Shuiski, ya dawo ya ce farfaɗiya ce ta kama yaron yana wasa da wuƙa. Ka riƙe sunan nan. Da Fyodor ya rasu a 1598 bai bar magaji ba, sai aka naɗa yayan matarsa, Boris Godunov, wanda tun da farko ake raɗe-raɗin cewa da hannunsa a mutuwar yaron. Daga 1601 zuwa 1603 yunwa ta yi wa ƙasar kaca-kaca, talakawa suka fara cewa Allah ne yake fushi da sarautar da ba ta gado ba.

Ana cikin haka wani saurayi ya ɓullo a ƙasar Polan yana cewa shi ne Dmitri, wai wani yaron aka kashe a madadinsa. Fadar Mosko ta ce Grigori Otrepyev ne, ɗan zuhudun da ya gudu, amma da Boris ya mutu a Afrilun 1605 sojoji suka koma bayan saurayin, ya shiga Mosko a watan Yuni. Mahaifiyar marigayi Dmitri ta rungume shi a bainar jama'a ta ce ɗanta ne. Shi kuwa Shuiski, wanda ya ga gawar da idonsa, sai ya yi amai ya lashe, ya ce lallai yarima ya tsira.

Ba a cika shekara ba, a Mayun 1606, kwanaki kaɗan bayan sarkin ya auri Marina Mniszech 'yar Polan, Shuiskin nan ya jagoranci masu kashe shi. Aka ƙone gawar, kuma bisa labarin da ya shahara, aka ɗura tokar a igwa aka harba ta wajen Polan. Shuiski ya hau gadon, ya sa aka ɗauko gawar yaron daga Uglich, ya ce ai kisan gilla aka yi masa. Magana uku ke nan daga baki ɗaya, kowace kuma ta zo daidai da buƙatarsa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne Marina, domin da wani sabon sojan gona, Dmitri na biyu, ya kafa sansani a Tushino, kusa da Mosko, a 1608, ta je ta ce mijinta ne, har ta haifa masa ɗa. Bayan an zaɓi Mikhail Romanov a 1613, aka rataye yaron nan a Mosko a 1614, yana ɗan shekara uku, don kada wani ya sake neman sarauta da sunansa.

Ka gaishe mini da mutanen gida. Wassalam.

Naka,
amininka