Zuwa ga masu sayen kilishinmu, kan maganar damina

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu, Alhazai da Hajiyoyi da duk mai tsayawa a shagonmu ko mai turo saƙo ta WhatsApp, barkanmu da war haka, ya ruwa? Allah Ya ba mu damina mai albarka Ya sa a kwashe amfanin gona lafiya.

Sati biyun nan wayata ba ta huta ba, kuma kusan tambayar ɗaya ce, wai me ya sa in an zo da yamma sai a tarar tire ya kusa ƙarewa, wani ma ya zo bayan magariba ya koma hannu rabbana. Wata Hajiya da ta fi shekara goma tana saye a wajenmu har kirana ta yi tana tambaya ko jari ne ya yi ƙasa in faɗa mata gaskiya kar in ji kunya. Wallahi na ji daɗin wannan kulawa, Allah Ya saka da alheri. Jari na nan Alhamdulillah. Mu ne da kanmu muka rage yawan abin da muke yi, kuma haka za mu ci gaba har ruwa ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, shi ya sa na ga gara in zauna in yi muku bayani gaba ɗaya maimakon kowa in ba shi guntuwar amsa a waya.

Kilishi rana ce ke yin sa. Mu namu yanka da haɗa labu (kwaɓin da ake tsoma naman a ciki) da tsaron wuta, amma babban aikin na rana da iska ne. Da asuba yaranmu suke zuwa kwata su zaɓo nama, cinya muke ɗauka saboda ita ce mai tsoka zalla, a zo a cire kitse da jijiya tas domin kitse shi ke sa kilishi ya yi ɗoyin mai in ya kwana biyu. Sannan a zauna da wuƙa a yi ta buɗa tsokar nan ana juya ta a hankali har ta zama fale-fale kamar mayafi, in ka ɗaga ta kana hango haske ta ciki. Wannan yankan kaɗai sai yaro ya shekara yana ɓata nama kafin hannunsa ya zauna, mahaifinmu Allah Ya jiƙansa a unguwar Agadasawa ta Kano ya koya tun yana saurayi, kuma har ya rasu bai taɓa barin sabon yaro ya taɓa cinya ba sai dai ya fara da ragowa. In an gama sai a shimfiɗa a kan gadon kara a rana. Nama ɗanye kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ne, duk ruwan nan ake so ya fita. Ya bushe, a tsoma shi cikin labu, wato tunkuza da aka dama da citta, kanumfari, masoro, kimba, barkono, albasa, gishiri da ɗan magi, ya sha sosai, a sake mayar da shi rana karo na biyu, sai daga ƙarshe a nuna masa garwashi na ɗan lokaci kaɗan ba a barinsa ya ƙone. Kun ga shanya biyu kenan kafin ya iso hannunku.

Lokacin hunturu da bazara wannan ba komai ba ne, iskar a bushe take, naman da aka shanya da hantsi kafin la'asar ya yi ƙarau. To amma yanzu fa? Ka shanya da safe rana tar, kafin azahar hadari ya haɗo daga gabas, a kwashe a guje a kai rumfa, ruwa ya ɗauke a fito da shi, kuma ko ba a yi ruwan ba iskar kanta a jiƙe take ba ta jan komai daga jikin nama. In Agusta ta shigo aka fara marka kuwa sai a yi kwana biyu uku ba a ga rana da kyau ba. Ga ƙuda da ke yawa a wannan lokaci, duk da muna rufe shanyarmu da raga. Naman da ya daɗe a haka bai bushe ba bai kuma dahu ba ya riga ya fara lalacewa tun kafin ya ga labu, yaji zai iya ɓoye warin na kwana ɗaya ko biyu amma ba zai gyara shi ba.

Abin da ya sa nake faɗin haka da ƙarfi shi ne ya taɓa faruwa da mu, bara. Wani bawan Allah ya ba mu oda mai yawa zai kai wa surukansa tsaraba a Legas, ya ce jibi zai tashi, muka karɓa alhali mun ga yanayin gari. Rana ba ta fito yadda ake so ba, muka ƙara masa lokaci a kan wuta muna ganin hakan zai cike gurbin, a ido ya yi kyau, a baki ma ya yi daɗi ranar. Bayan kwana huɗu ya turo min hoto, fumfuna ta fito fari-fari a tsakanin fallayen. Mun mayar masa da kuɗinsa cif, ya kuma yafe mana, amma kunyar da ya ji a gaban surukai ba mu da abin biyanta. Laifinmu ne ba na kowa ba, na san bai kai ba na bari ya fita. Tun ranar na yi wa kaina alkawari in na karya kilishi na ga tsakiyarsa da sauran danshi ba zai bar shagon nan ba ko nawa aka biya.

Wasu daga cikinku sun ba mu shawara mu sayi oben ko injin busarwa mu huta da jiran rana, mun gode kuma mun gwada na wani abokin sana'a. Abin da muka gani, in zafin ya yi yawa saman naman ne ke dahuwa ya rufe tun ciki bai saki ruwa ba, sai ya fito da tauri kamar fata kuma labun bai shiga jikinsa. Wanda ake iya daidaita zafinsa yana so a bar shi awanni a kunne, ku kuma kun san halin Nepa, in aka ce janareta za a tayar to kuɗin mai a kanku zai ƙare. Yanzu dai muna tara kuɗin irin akwatin shanyar nan mai rufin gilashi da raga da ke tara zafin rana, in Allah Ya nufa muka same shi kafin damina mai zuwa za a ga sauƙi.

Saboda haka ga yadda za mu tafi. Kullum za mu yi daidai abin da muka tabbata zai bushe, in ya ƙare ya ƙare, ranar da aka tashi da marka ma ba za mu yanka na kilishi ba sam. Mai son da yawa, na biki ko suna ko tsarabar tafiya, don Allah ya sanar da mu da aƙalla kwana biyar, kuma ba za mu karɓi transfa ba sai mun ga an yi shanyar farko lafiya, kar mu riƙe kuɗin mutum muna ba shi haƙuri. Kilishi ja da fari duk za a samu, amma rumuzu wanda ba a sa masa labu sai mai da yaji, shi sai an yi oda tukunna. Masu karɓa ta mota zuwa Abuja, Kaduna, Jos da Legas, za mu riƙa kai wa tasha Litinin da Alhamis kaɗai, mu turo muku lambar direba kamar yadda aka saba. Tsire da balangu suna nan kullum daga la'asar, su ba ruwansu da hadari. Dambun nama ma mun ƙara yawansa saboda shi a kasko ake ƙarar da ruwansa, wanda zai yi tafiya cikin gaggawa ni dai shi nake ba shi shawara ya ɗauka a wannan watannin, yana jure ajiya kuma yara na son sa.

Sai maganar kuɗi, tunda ita ma ana ta yi min ita. Ba mu ƙara ko sisi saboda damina ba, ƙarin da kuka gani tun baya ne kuma kun san daga inda ya taso. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin ɗauko saniya daga kara ya tashi, ko daga Wudil ran Juma'a ko daga Maigatari ran Alhamis. Wata biyu bayan nan aka yi juyin mulki a Nijar aka rufe boda, shanun da ke shigowa ta can suka ragu sai a 2024 aka buɗe. A dai wannan shekara ta 2023 cuta ta faɗa wa gonakin citta a kudancin Kaduna, wajen Kachia da kewaye inda mafi yawan cittar ƙasar nan ke fitowa, cittar da muke aunowa a kwano ta koma sai a ƙulli. Gyaɗa ma da ake samun tunkuza daga gare ta ba ta zauna wuri ɗaya ba. Akwai hanyoyin rage tsada da muka sani sarai, a cika labu da gari ya yi kauri ya ƙara nauyi a sikeli, ko a zuba kala da barkono a rage citta da kanumfari, ko a haɗa da naman da ba cinya ba. Ba za mu yi ba. Gara mu ce muku abu ya yi tsada ku sayi kaɗan.

Wani abin kuma, za ku lura mun daina naɗewa a takardar siminti da tsohuwar jarida. Na san da ita aka saba, wasu dattawa ma sun ce min kilishi bai cika kilishi ba in ba a ruwan-ƙasar takardar nan ba, to amma ƙurar siminti da tawada ba abin da za a haɗa da abincin mutum ba ne. Mun samo takarda mai tsafta ta naɗe abinci, launinta kusan iri ɗaya. Leda kuwa sai ya huce sarai muke sawa, kuma ku ma in kun kai gida kar ku bar shi a ƙulle cikin leda a mota ko a ɗaki mai zafi, gumi yake yi, gumin nan shi ke kawo fumfuna. A buɗe shi ya sha iska, a ajiye a takarda wuri busasshe. In ya yi sanyi ya saki, a ɗan ɗora shi a busasshen kasko minti biyu zai dawo. Wanda ya ga fari-fari ko ya ji wari ya canja kar ya kankare ya ci, ya ɗauki hoto ya turo mana, in daga wajenmu ne za mu canja masa ko mu mayar da kuɗi ba gardama.

Masu kai wa 'ya'ya da 'yan uwa a Ingila ko Amurka, ina ƙara tunatarwa ƙasashen nan ba sa barin a shiga da nama a jaka ko busasshe ne, in aka gani a filin jirgi ƙwacewa ake yi wani lokaci har da tara. Ina faɗa wa duk wanda ya ce min can zai kai tun kafin ya biya.

Shago na buɗe daga ƙarfe goma na safe zuwa goma na dare, ran Juma'a sai an sauko daga masallaci. Wanda zai taso daga nesa, Hotoro ko Rijiyar Zaki ko Bachirawa, ya fara kira ko ya turo saƙo ya ji ko akwai, in akwai mu ajiye masa da sunansa har ya iso, kar ya ƙona mai a banza cikin ruwa. Duk wanda ya zo a kwanakin nan bai samu ba muna ba shi haƙuri, a yafe mana.

Allah Ya bar zumunci Ya ƙara buɗi.

Naku,
mai shago, a madadin ƙannena da yaran da muke aiki tare.