Wasiƙa daga Chicago

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da iyali da su Hajiya. Ya kasuwa? Mu nan sanyi ya fara kaɗawa.

Ka ce wai an gaya maka na koma tara katunan 'yan wasan besbol kamar ƙaramin yaro. Ba a yi mini ƙarya ba, kuma dariyarka ta iso har nan. To, saurara.

Cinikin ne ya ja ni. Ba'amurke ba ya taya kaya a kanti, abin da aka rubuta shi yake biya. Amma ka shiga wurin baje kolin katuna, irin babban taron nan da suke kira National, wanda akan yi a Rosemont gefen Chicago, sai ka rantse Kantin Kwari ka faɗo. Ka buɗe akwatinka, abokin cinikinka ma ya buɗe nasa. Ya ce zai ba ka biyu ka ba shi ɗaya, ka ce albarka, ya ɗora dala ashirin a kai, kowa na latsa waya yana duba nawa aka sayar da irinsa a kasuwar intanet ta eBay. In an daidaita a yi musafaha, ba dillali ba la'ada.

Na fi son haka a kan sayen intanet, don hoto yana ɓoye aibi. Kati a hannu, kana karkata shi a ƙarƙashin fitila za ka ga ƙarzuwa, ka ga ko kusurwa ta dakushe, ko hoton bai zauna a tsakiya ba. Akwai ma 'yan damfara masu aske gefen tsohon kati don ya yi kamar sabo. Shi ya sa ake aika masu tsada wa kamfanoni irin su PSA, su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi cikin roba. Tsakanin 9 da 10 kawai farashi kan ninka.

Na san abin da za ka tambaya: akwai kuɗi? A manyan katuna akwai. A 2022 an sayar da katin ɗan wasa Mickey Mantle na kamfanin Topps, bugun 1952, dala miliyan 12.6. Na Honus Wagner, wanda aka riƙa sakawa cikin kwalin taba daga 1909 zuwa 1911, ya kai miliyan 7.25. Amma na ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990 an buga su har sun yi arha. Za ka ga dattijo ya kinkimo katan guda yana zaton dukiya ce, a taya masa abin da ko man mota ba zai saya ba. Tausayi yake ba ni.

Ni dai kwanan nan na yi musaya na samu katin Ken Griffey Jr. na kamfanin Upper Deck, bugun 1989. Ba shi da wata tsada, amma kusurwoyinsa garau.

In na samu mai tahowa gida zan aiko wa yaronka kaɗan, ka ce kada ya lanƙwasa su. A gaida mutanen majalisa.

Naka,
amininka