A zaɓi irin gyaɗa don mai matsar mai, ba don cika buhu kaɗai ba

Ya Edita,

Ina roƙon fili in ja hankalin manoman gyaɗa na Gombe, daga Kumo har Bajoga, kan yadda ake zaɓen iri. Manyan kamfanoni suna tatse mai da sinadarin hekzen, wanda ba ya barin ko kashi 1 cikin 100 a tunkuza. Matanmu masu ƙuli-ƙuli da masu ƙananan injina matsi kaɗai gare su, don haka ribarsu tana cikin ƙwayar da aka ba su. Gyaɗa mai kyau kusan rabinta mai ne, amma a kasuwar Tudun Hatsi buhu ɗaya sai ka tarar da iri uku a gauraye, wata ta ƙosa wata ba ta ƙosa ba. Wajen suya ƙananan su ƙone, manyan su fito ɗanye, mai ya ƙi sauka.

Gyaran yana hannun manomi, domin furen gyaɗa kansa yake yi wa barbara, shi ya sa iri ba ya saurin lalacewa idan ba a gauraya shi da hannu ba. A fara da iri sananne, kamar SAMNUT 24 na cibiyar binciken noma ta Samaru, Zariya, mai nuna cikin kwana 80 zuwa 90, mai yawan mai, kuma mai jure kuturtar gyaɗa, cutar da ta durƙusar da noman gyaɗa a Arewa a 1975. A ware masa kunyoyinsa. Duk tushen da ya tsumbure ko ganyensa ya bambanta, a tuge shi tun da wuri.

Kafin cira a fasa kwanso goma. Idan cikin ɓawon bakwai ko takwas ya yi duhu, gyaɗar ta ƙosa. Gaggawar cira ita ke kawo tsamurarrun ƙwayoyi, kuma su ne masu ƙarancin mai, su ne kuma funfuna mai dafin aflatoksin ta fi kamawa. A shanya a kan tamfol har ƙwaya ta riƙa kaɗawa a cikin kwanso, a ajiye iri da ɓawonsa sai dab da shuka.

Gwajin da na fi so kowa ya yi shi ne wannan: a auni tiya ɗaya daga kowane iri, a soya su daidai wa daida, a niƙa, a matse kowanne daban, ana zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan, sannan a auna man a kwalba iri ɗaya. Ruwa in ya yi yawa, ƙullin zai saki ya riƙe man. Wanda ya fi cika kwalba shi za a ajiye don baɗi.

Ina kira ga malaman gona na jiha su riƙa yin wannan gwaji a gaban manoma da mata masu matsa, ranar kasuwa.

Naku,
Wani malamin gona, Gombe