Garin furen itace da lemon da ya kusa raba mu da ɗanmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in faɗi abin da ya same mu bara a nan Daura, don har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Ɗan ƙanwata yana karatu a Turkiyya, ya zo hutu. Wata Alhamis bayan la'asar ya sha lemon zaƙi biyu a ƙofar gida, ya wuce filin ƙwallo. Ba a jima ba sai ga abokansa sun kawo shi a babur, idanu sun kumbura sun rufe, borin jini ya feso masa ko'ina, numfashi da ƙyar. Wata ta ce iska ce, wata ta ruga ɗauko manja. Allah ya sa maƙwabcinmu ma'aikacin jinya yana gida, ya ce kada a ɗura masa komai, a nufi asibiti. Can aka yi masa allurar adirenalin a cinya, aka kwantar da shi har safe, domin abin yakan lafa ya sake tasowa bayan sa'o'i.

Yaron nan tun yana rarrafe yake shan lemo. Shi ya sa muka rasa bakin zaren. Sai da ya koma Turkiyya aka gwada shi, ya kira ni ya ce, "Kawu, ashe itace ne ya ja min." Tun zuwansa ƙasar, duk ƙarshen sanyi sai ya yi ta atishawa, ido na ƙaiƙayi, yana cewa mura ce. Ashe garin fure ne, wato ƙurar nan mai laushi da fure ke saki a iska, na itacen saifires, wanda ya cika ƙasashen bakin tekun Bahar Rum.

Na yi shekara talatin ina aikin gandun daji, amma ban taɓa jin wannan ba sai a kan ɗana. A cikin garin furen akwai wani ɗan furotin da ake kira Cup s 7. In jiki ya shaƙe shi ya ɗauke shi abokin gaba, to duk mai kama da shi ya shiga uku, kuma danginsa suna cikin lemo da rumman da ɗan itacen nan fich. Na cikin fich ɗin, Pru p 7, masana a Italiya suka fara bayyana shi a 2013, daga baya likitocin kudancin Faransa suka ga yawancin masu faɗuwa saboda shi suna fama da furen saifires. Mugun abin, wuta ba ta kashe shi, ruwan ciki ba ya narkar da shi da wuri, sai ya ratsa jiki duka. Guje-guje bayan ci, ko shan asfirin da ire-irensa, su ke ƙara hura wutar. Ƙwallon nan ita ta kai ɗanmu ƙasa.

Akwai irin wannan ciwo mai sauƙi. A arewacin Turai furen itacen birci kan sa mutum ya ji baki da maƙogwaro na ƙaiƙayi in ya ci ɗanyen tuffa ko karas, amma in an dafa shike nan. Sai dai mutum ba ya zama a gida ya yanke wa kansa cewa nasa mai sauƙin ne.

Kada a ce ciwon Turawa ne. 'Ya'yanmu nawa ke karatu a Turkiyya da Saifurus? Ga kuma namu na gida: a ƙasashen Larabawa an san furen dabino da na ƙayar furosofis, wadda aka yi ta dasawa a Sahel don tare hamada, suna tayar da asma da atishawa. Japan ta cika duwatsunta da itacen sugi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, yau furensa ya addabi miliyoyin mutane, har a 2023 gwamnati ta ɗauki aniyar rage kashi 20 cikin 100 na wannan dashe a shekara goma. Ni mai son itace ne, hannuna ya dasa dubbai, kuma ina goyon bayan shirin Babbar Koriyar Ganuwa na dasa itatuwa don tare hamada, wanda Katsina ke ciki. Roƙona kawai, a riƙa zama da likitoci kafin a zaɓi abin da za a dasa a bakin makarantu da asibitoci.

Ga iyaye: yaron da ke atishawa lokaci guda duk shekara, sannan ya ce bakinsa na ƙaiƙayi in ya sha kankana ko lemo, kada a ce tsirfa ce, a kai shi a duba. In harshe ko leɓe ya kumbura, murya ta dushe, ko jiri ya ɗebe shi, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ya ƙi a bar shi zaune, kada a miƙar da shi tsaye. Piriton na rage ƙaiƙayi ne kurum, ba ya buɗe maƙogwaro. Ina kira ga hukumomin lafiya na jiha su tabbatar kowane ƙaramin asibitin ƙauye yana da adirenalin da wanda ya iya yin ta.

Ɗan namu yanzu da allurarsa yake yawo a aljihu. Uwarsa kuwa ko ɓawon lemo ba ta yarda ya shigo gidan in yana gari.

Naka,
Wani tsohon ma'aikacin gandun daji,
Daura, Jihar Katsina.